Ƙungiyoyin 'yan gari a birane: Wa ke mamba, wa ke riƙe da asusu?

Da wuya ka samu ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa ɗan asalin Wurno ko Rabah ko Goronyo da ke zaune a Sakkwato, Kano, Abuja ko Legas wanda ba ya cikin wata ƙungiya mai ɗauke da sunan garinsu. Wata ƙungiyar ci gaban gari ce, wata ta tsofaffin ɗalibai, wata kuma ta ma'aikata 'yan asalin ƙaramar hukuma. Yawanci da zumunci ake farawa: suna, ɗaurin aure, ta'aziyya, buɗa-baki da azumi. Muddin abin bai wuce nan ba, babu mai tambayar takarda.

Sai dai shekarun nan sun ɗora wa irin waɗannan ƙungiyoyi nauyin da ba su shirya masa ba. A 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta cinye ƙauyuka da gonaki a yankin Goronyo da Wurno. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a Tabanni da ke gundumar Gandi a Ƙaramar Hukumar Rabah. A watan Oktoban 2021 kuma aka kai hari kasuwar Goronyo, inda fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. Duk lokacin da irin wannan masifa ta auku, 'yan garin da ke birane su kan tara gudunmawa, su haɗa tawaga, su nemi ganin gwamna ko ɗan majalisa. Daga nan ne tambayoyin da ake kunyar yi ke fitowa fili. Kuɗin nan a asusun wa ya shiga? Wa ya zaɓi masu kai shi? Wa ya ba wane izinin yin magana da yawun gari gaba ɗaya? Wanda bai biya kuɗin wata ba shekara uku, yana da bakin tuhumar shugaba?

Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin takardar da ake kira tsarin mulkin ƙungiya, wadda galibi ake kwafo ta daga wata ƙungiyar, a canja suna, a jefa ta cikin durowa.

Yadda Sinawa suka yi

Ba mu muka fara zaman baƙunta ba, kuma cikin al'ummomin da suka yi nisa wajen tsara ƙungiyar 'yan gari akwai Sinawa. Tun zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, mutanen lardi guda da ke zaune a Beijing su kan gina zauren da ake kira huiguan, inda masu zuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati da ma'aikata da fatake ke sauka. Sharaɗin shiga guda ne, ka zama ɗan yankin.

Da Sinawa suka fara ƙaura zuwa Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, sun tafi da wannan tsari. A San Francisco kowace gunduma ta asali ta kafa zaurenta. Zauren ke tarbar baƙo a tashar jirgin ruwa, ya sama masa masauki da aiki, ya sasanta rikicin bashi, idan ya mutu kuma ya ɗauki nauyin mayar da ƙasusuwansa gida. Zaurukan suna da hanyar tilasta biya: mai son komawa ƙasar Sin sai ya karɓi takardar shaidar cewa ya biya bashinsa da kuɗin ƙungiya kafin kamfanin jirgi ya sayar masa da tikiti. A 1882, shekarar da Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatan Sin shiga ƙasar, zaurukan suka dunƙule a ƙarƙashin uwar ƙungiya guda, suka kuma mayar da shugabancinta na karɓa-karɓa a tsakaninsu don kada gunduma ɗaya ta danne sauran. Aibin tsarin shi ne manyan 'yan kasuwa ke riƙe da ragama, lebura kuwa nasa biya ne da biyayya.

Daga baya aka samu wani salo, wato ƙungiyoyin ƙwararru, irin ta injiniyoyin Sin da aka kafa a Amurka a 1917. A irin waɗannan, sana'a da biyan kuɗin shekara su ne mabuɗin shiga. An saba raba mambobi gida-gida: cikakken mamba mai ƙuri'a, ɗalibi mai rangwame, da mamban girmamawa wanda ba ya zaɓe. Shugabanni da ƙuri'a suke hawa, da wa'adi suke sauka.

Mu ma muna da namu tarihin. Hausawan Sabo a Ibadan, unguwar da aka keɓe musu tun 1916, da na zangon Kumasi, a ƙarƙashin sarkinsu suke, shi ke karɓar baƙo ya kuma tsaya masa. Ko Sinawan da ke Kano sun bi wannan hanya, domin a 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa ɗan kasuwa Mike Zhang sarautar Wakilin 'Yan China. To amma ƙungiyar ma'aikata da 'yan kasuwa ta yau tana tsaka-tsaki ne. Ta ɗauko sharaɗin asali daga tsohon tsari, ta ɗauko zaɓe da kuɗin wata daga sabo, kuma sau da yawa ba ta zauna ta daidaita su ba.

Wane ne ɗan gari?

Kusan kowane tsarin mulki da na taɓa karantawa na irin waɗannan ƙungiyoyi da jimla ɗaya yake sallamar batun: duk ɗan asalin gari kaza mamba ne. Jimlar tana da daɗin ji, amma ita ce tushen yawancin rigingimu.

A ɗauki Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina ta a matsayin ribaɗi wajen 1830, ya zaunar da mutane daga wurare daban-daban, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Garin da da tara jama'a aka kafa shi, ina za a ja layin asali a cikinsa? Malamin makarantar da aka turo daga wata ƙaramar hukuma, ya shekara talatin a garin, ya aurar da 'ya'yansa a nan, ɗan gari ne ko baƙo? Yaron da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa kwana a Achida ba amma mahaifinsa ɗan can ne, yana da ƙuri'a? Matar da aka auro daga Gwadabawa fa, ko 'yar garin da ta yi aure a Katsina? Ga kuma sabuwar tambaya da rashin tsaro ya haifar: mutanen ƙauyukan da suka watse suka tare a Gandi ko cikin garin Goronyo ko Sakkwato, a reshen wace unguwa za a lissafa su?

Babu amsa guda da ta dace da kowace ƙungiya, kuma doka ba ta tilasta wata ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga cikinta, wanda ke nufin ba a zama mamba da dole, ba a kuma zama mamba don kawai an haife ka a wani wuri. A ganina a nan ne ƙungiyoyinmu suka fi yin kuskure, suna haɗa ɗan gari da mamba. Ɗan gari shi ne wanda ƙungiya ke yi wa hidima, ko ya san da ita ko bai sani ba. Mamba kuwa shi ne wanda ya nemi shiga, aka karɓe shi, aka rubuta sunansa, yake kuma biyan abin da aka yanka. Idan aka cakuɗa su, ranar zaɓe sai ɗan takara ya ciko motoci da 'yan gari waɗanda ba a taɓa gani a taro ba, kuma babu hujjar hana su shiga zaure.

Don haka littafin rajistar mambobi ya fi duk wata takarda muhimmanci. A cikinsa za a ga ranar shigar mutum, ajinsa, da inda biyansa ya tsaya. Tsarin mulki kuma ya faɗi ƙarara wata nawa na rashin biya ke dakatar da ƙuri'a, wa ke da ikon korar mamba, da kuma haƙƙin wanda ake tuhuma na a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ƙungiyar da ta kori mutum ba tare da ta ji ta bakinsa ba tana iya shan kaye a kotu ko da laifin nasa a fili yake.

Akwai misali a gida na ƙungiyar da ba ta da wannan ruɗani. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gina ta ɗauki ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ita ke shayar da filayen noman rani na tsakiyar kwarin Rima. A ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da ba shi rancen kusan dala miliyan 495 a 2014, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin manoma su riƙa kula da ƙananan magudanai da tattara kuɗin ruwa. A wannan ƙungiya ba a tambayar inda aka haifi kakanka. Gonarka da magudanar da ke shayar da ita su ke sa ka mamba, kuma wanda ya ƙi biya ko ya ƙi fitowa yashe magudana, maƙwabcinsa na ƙasa ne zai ga illar a shinkafarsa. Ko nan ma akwai gaɓar da ta shafi masu karatu: ma'aikacin da ke Sakkwato ya ba da hayar gonarsa, shi ke da murya a taro ko wanda ke cikin taɓo? Amma aƙalla ma'aunin abu ne da ake gani da ido.

Abin da doka ta tanada

Ƙungiya na iya zama ba tare da rajista ba, ba laifi ba ne. Sai dai ba za ta mallaki fili da sunanta ba, buɗe asusun banki da sunanta zai yi wuya, kuma ba za ta shigar da ƙara a matsayinta na ƙungiya ba. Mai son waɗannan sai ya bi ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar CAMA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2020.

Dokar ta ce a naɗa amintattu aƙalla biyu, su ne ake yi wa rajistar, kuma da sunansu na haɗaka ake riƙe dukiyar ƙungiya. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka gabata. Tsarin mulkin da za a miƙa dole ya bayyana manufar ƙungiya, yadda ake naɗa amintattu da sauke su da tsawon wa'adinsu, yadda ake kiran taro, yawan 'yan majalisar gudanarwa da ikonsu, sannan idan ana karɓar kuɗi, yadda ake fitar da shi da rubuta shi da bincikensa.

Kafin a ba da takardar shaida, sai an buga sanarwa a jaridu biyu ɗauke da sunan ƙungiya da na amintattu, a ba mai ƙorafi kwana 28. Mu da ke teburin tace labarai muna ganin waɗannan sanarwoyi kusan kullum, 'yan ƙanana a shafukan baya, kuma na san ba kowa ke tsayawa ya karanta su ba. Ta wannan kafa ce mutum uku ko huɗu kan yi rajistar sunan gari guda, su sa kansu amintattu, sai bayan shekaru jama'a su farga cewa takardar tana hannun wasu.

Wani abin da ake yawan jahilta shi ne bambancin amintattu da shugabannin zartarwa. Shugaba da sakatare da ma'aji su ke tafiyar da harkar yau da kullum, ana zaɓensu ana sauke su. Amintattu kuwa su doka ta sani, kuma sauya su sai da ƙudurin babban taro da sanarwa da amincewar hukuma. Al'adarmu ita ce a sa dattawa da masu sarauta da manyan 'yan siyasa a wannan matsayi don girmamawa, a kuma rubuta cewa har ƙarshen rayuwa ne. Girmama na gaba wajibi ne, amma akwai kujerar uban ƙungiya da aka yi domin haka. Amintaccen da ba ya zuwa taro, ko ya tsufa ƙwarai, ko ya rasu ba a maye gurbinsa ba, yana iya tsayar da duk wata hulɗa da banki ko hukuma.

Dokar ta hana raba kuɗi ko dukiyar ƙungiya ga mambobi a matsayin riba. Masu son adashi da rance da rabon riba a ƙarshen shekara, ƙungiyar gama kai ya kamata su yi wa rajista, wadda dokarta da ofishinta daban suke. 'Yan kasuwa da dama sun faɗa wannan rami, suna juya jari a ƙarƙashin takardar da ba ta yarda da hakan ba.

Sashen da ya fi tayar da ƙura shi ne na 839, wanda ya buɗe ƙofar dakatar da amintattu da naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana, har ya ba kashi ɗaya cikin biyar na mambobi damar kai kuka kotu. Shugabannin addini da ƙungiyoyin farar hula sun yi ca a kansa, kuma a watan Afrilun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa shi da wasu sassan da ke biye da shi sun saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Abin lura a nan shi ne doka da lissafin kaso take magana. Ko a batun rusa ƙungiya, cewa ta yi mambobin da suka kai rabin jimilla na iya roƙon kotu. Rabin nawa? Ƙungiyar da ba ta da littafin rajista ba za ta iya amsa wannan ba, kuma duk ɓangaren da ya fusata zai iya cewa shi ne mafi rinjaye.

Kujera da siyasa

Batun wa'adi ba ya buƙatar dogon bayani. Shekara biyu ko uku, sau biyu, sannan a sauka. Abin da ake mantawa shi ne rubuta abin da zai faru idan wa'adi ya cika shugaba bai kira zaɓe ba. Tsari mai kyau kan ba amintattu ko wani adadi na mambobi ikon kiran taron da kansu, ya kuma faɗi mutum nawa za su halarta kafin hukuncin taro ya zauna. Ƙungiyar da ta haɗa gundumomi da yawa kuma za ta amfana da karɓa-karɓa irin ta zaurukan Sinawa, don kada mutanen hedikwatar ƙaramar hukuma su mayar da na ƙauye 'yan rakiya.

Siyasa ce ta fi wuya. Wurno da Rabah mazaɓar ɗan majalisar tarayya guda ce, Goronyo tana tare da Gada, duka kuma suna cikin mazaɓar sanatan Sakkwato ta Gabas. Ƙungiyar da ta tara ma'aikata da 'yan kasuwan yanki dole 'yan takara su yi zawarcinta. Tarihi ya nuna inda hakan kan kai. Jam'iyyar Mutanen Arewa da ƙungiyar al'adu ta fara a ƙarshen shekarun 1940, kuma ma'aikata da malaman makaranta ne ƙashin bayanta. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai da ma'aikatan gwamnati irin su shugabanta na farko, Dokta R.A.B. Dikko, suka janye, ragamar kuma daga baya ta koma hannun ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello. Waccan rikiɗa a fili aka yi ta. Ta yau a ɓoye take zuwa: shugaba ya fito takara bai ajiye kujera ba, ko a fitar da sanarwar goyon baya da sunan ƙungiya bayan ganawar mutum biyar. Ƙaramin ma'aikacin da sunansa ke cikin rajista shi zai kwana da fargaba idan gwamnati ta sauya hannu. Layi biyu a tsarin mulki sun isa: mai neman takara ya sauka tukuna, kuma ba a goyon bayan kowa da sunan ƙungiya.

Asusu

Na taɓa zama a wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, inda muka shekara muna tura kuɗi asusun ma'ajinmu na ƙashin kansa saboda mun yarda da shi, kuma har ya koma ga Allah ba mu taɓa kama shi da cin ko sisi ba. Da ya rasu, banki ya rufe asusun, kuɗinmu ya gauraya da nasa, ya zama cikin abin da magada za su raba. Babu takardar da ta nuna nawa ne namu. Iyalinsa mutanen kirki ne, amma zuwa gidan makoki da maganar kuɗi abu ne da ba na fatan in sake yi. Ba a yi sata ba, duk da haka ƙungiyar ba ta sake miƙewa ba.

Alƙur'ani da kansa, a aya mafi tsawo cikinsa, ya yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai yake yi wa magana. Saboda haka neman rasit ba zargi ba ne, ko da yake a zaurukanmu mai tambayar lissafi shi ake yi wa kallon mai neman fitina. Asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu cikin uku kafin a cire kuɗi, masu binciken kuɗi da babban taro ya zaɓa daga wajen shugabanni, da rahoton shekara da ake raba wa kowa a rubuce kafin ranar taro, waɗannan ba su fi ƙarfin ƙungiyar mutum hamsin ba.

Kuɗin agaji kuwa ya kamata a ware shi daga kuɗin wata. Wanda ya ba da dubu biyar don 'yan gudun hijirar Gandi bai bayar don a kama zauren taro ko a buga kalanda ba. A buɗe masa shafi nasa, a rufe shi da jerin abin da aka saya da ƙauyukan da aka kai wa, da sa hannun wanda ya karɓa a can, hakimi ne ko limami ko shugaban sansani. Idan an samu ragowa, babban taro ne zai ce ga inda za ta tafi, kuma a rubuta hakan cikin bayanin taro da kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta.